Tsohuwar Bashe da Abin da Na Ɓoye Miki

Malbaza, ranar Jumma'a bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Mariyama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ko da yake yanzu haka ina jin motsinki a ɗakin innarki kuna ɗaure kaya. Allah ya sa wagga takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kai ki Tajaye lafiya, ya tsare ki a hanya da wurin aiki, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Za ki yi mamakin uban da ke rubuta wa ɗiyarsa wasiƙa alhali suna gida ɗaya. Kin dai san halina. Duk sa'ad da na buɗe baki zan yi miki magana mai nauyi, sai in tarar ina tambayarki ko kin duba iskar taya. Shi ya sa na zauna da biro.

Ranar Litinin za ki fita da bashe, tsohuwar motar nan mai buɗaɗɗen baya da munka yi rani biyu muna gyara a tsakar gida, ki tafi ki kama aikin lafiyar dabbobi. Kin san ta ciki da waje, don babu inda hannunki bai shiga ba a jikinta. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ta mutu tun farko. Wataƙila kin ji gutsure-gutsure a bakin ɗiyan Baba Sani, amma ba ki ji daga bakina ba. Abin da na gaya miki kina ƙarama ba gaskiya ba ne, kuma ba na so ki tuƙa motar nan da wannan labarin a kunnenki.

Ni da Baba Sani, yayana, munka saye ta tare tun ba a haife ki ba, lokacin duk muna zaune a Badaguishiri gidan tsohonmu. Shi mai lambu ne, bai iya tuƙi ba, bai kuma damu ya iya ba. Ni ne direba. Shi yake tattaro kayan masu lambu, albasa da tumatir da kabeji, don mutane sun yarda da shi, ni kuma in kai kasuwa. Aikin yana tafiya daidai har kina shekara biyar.

Wata ranar kasuwar Ƙonni munka yi lodin tumatir na mutum shida, uku daga cikinsu suna zaune bisa kaya. Zafi ya fara shigowa. Yaya yana gefena. Mun yi nisa sai ya nuna mini 'yar kibiyar nan da ke faɗin zafin inji.

Ya ce, "Garba, wagga aba ta hau ja. Tsaya ta huce."

Na ce, "Yaya, kai albasa ka sani, ni na san mota."

Ni ma na ga kibiyar, na riga shi gani ma. Amma akwai wani direba da na wuce a baya kaɗan, har na ɗaga masa hannu ina dariya. Ban so ya zo ya tarar da ni a gefen hanya da murfin inji a buɗe ba. Na ci gaba da taka mai. Kusa da Tsarnawa tururi ya turnuƙe gilashi, dole na tsaya. Nan ma da na yi haƙuri na bar ta ta huce, da ta rayu. Sai gaggawa ta sa na ce a miƙo mini jarkar ruwan shanmu, wadda ke naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ruwanta da sanyi, na kwarara a lagireto, wato tankin ruwan inji, da bisa injin kansa. Na ji wata 'yar ƙara, kamar an taka busasshen ƙoƙo. Ba wanda ya kula sai ni. Na san kan inji ya tsage.

Tumatir ɗin mutane ya wuni cikin rana. Kafin mu samu wata mota ta kwashe, kasuwa ta watse, rabinsa kuma ya zama ruwa yana ɗiga ta ƙasan kwanduna.

Mariyama, ba rashin sani ya kashe motar nan ba. Idon wani mutum ne ya kashe ta, mutumin da yau ko sunansa ba na iya tunawa. Ke ma za ki tsaya gaban makiyaya goma suna kallonki, mace, ƙarama, da takardar lakwal, wato makarantar boko, suna jira su ga ko kin san abin da kike yi. Ranar da kinka duba saniya ba ki gane ciwonta ba, za ki ji irin abin da na ji, ki so ki yi wani abu da sauri don kada a ce ba ki iya ba. Ki ce musu ba ki gane ba tukuna. Za su yi gunaguni su tafi, su dawo. In kuwa kinka soka allurar da ba ita ba ce don kunya, saniyar ba ta dawowa.

Wannan kuskure ne, kowa yana iya yinsa. Abin da na yi bayansa shi ne ya fi muni. Da munka koma gari masu tumatir sunka taru suna tambaya, sai na ji bakina ya ce Yaya ne ya sayo man inji na bakin hanya, irin na kwalba, gurɓatacce, shi ya kashe ta. Ban shirya faɗin haka ba. Magana ɗaya ce, ta fita kafin in auna ta. Yaya yana tsaye. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, bai ce komai ba.

Kafin mako ya zagayo an sa masa suna a majalisa, Sani Man-gyaɗa, wai man tuya ya zuba wa mota. Kin sha jin ana kiransa haka, har ke ma kin taɓa yin dariya kina ƙarama. Daga bakina sunan ya fito. Masu lambu da yawa sunka daina ba shi kayansu. Ya sa anka jawo bashe da shanu har cikin gidansa, ni kuwa bayan wata biyu na samu aikin tuƙa kamyo, babbar motar siminti, a nan Malbaza, na kwashe ku munka taho.

Shekara goma sha shida munka yi ba mu haɗuwa sai wurin suna ko jana'iza, mu gaisa kamar maƙwabta, kowa ya kama gabansa. Bai taɓa yi mini maganar ba. Ni nake gudunsa. Ga wani abu da ban taɓa jin an faɗa ba, sai da na gan shi a kaina: a hankali na fara jin haushinsa. In ya yi shiru in ce girman kai ne. In ya aiko muku da albasa in ce yana so ya nuna ya fi ni kirki. Na wayi gari ina neman laifinsa kamar shi ya cuce ni. Don haka in kinka ga kina jin zafin wani ba tare da kin iya faɗin abin da ya yi miki ba, ki zauna ki tambayi kanki ko ke ce kinka yi masa wani abu. Kuma in kinka yi laifi, ki faɗa a ranar. A ranar magana ɗaya ce. Ni na bari har ta zama abin da ba ya fita ta maƙogwaro.

Ke ce kinka mayar da ni Badaguishiri, ba tare da kin sani ba. Kin tuna lokacin da anka tura ku aikin gwaji wajen Illela, kinka dawo da gwiwa a kumbure? Babur ya kayar da ku cikin rairayi, ƙanƙarar da ke cikin akwatin sanyi ta narke kafin ku kai ruga, maganin rigakafin duka ya lalace. Kina ba innarki labari ba ciwon ƙafar ke sa ki hawaye ba, awakin da ba a yi wa allura ba ne. Lokacin na riga na aje tuƙin kamyo saboda ciwon baya. Ina zaune ina jin ku, sai bashe ta faɗo mini a rai.

Sau uku ina zuwa Badaguishiri ranar kasuwa, in zagaya, in sayi abin da ba na buƙata, in dawo ban taka ƙofar gidan Yaya ba. A na ukun na dawo da igiyar rijiya, mu da ke da famfo. Innarki ta juya igiyar a hannunta.

Ta ce, "Malam, in ka koma jibi, kada ka shiga kasuwa. Ka sauka ƙofar gida nai. In kuma ba ka iyawa, ni in tahi."

Na sauka a ƙofar gidansa. Na tarar da shi yana gyaran dashen albasa. Munka gaisa, anka kawo fura, na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce ɗiyarsa Mariyama za ta fara aikin daji, tana buƙatar abin hawa.

Ya ce, "Tashi mu gani."

Na zaci zan tarar da ƙarfe ya ruɓe, kaji suna ƙwai a ciki. Tana ƙarƙashin dogonyaro, an yi mata rumfar zana. An ɗora ta bisa duwatsu don kada ta zauna kan tayunta. Na zaro sandar awon mai na ga mai a jiki. Ashe kowace shekara, in an gama girbi, sai ya kira bakanike ya zuba mata ɗan mai ya juya injin da hannu don kada ya kame. Mutumin da bai iya tuƙi ba, wanda na ɓata wa suna a kan mai.

A nan ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Na ce, "Kai, Yaya, ka yi ƙoƙari." Na yi godiya kamar wanda anka ba aron jaki, na nemo kamyon wani abokina munka jawo ta. In Allah ya buɗe miki ƙofa irin wannan, ki shiga. Ni na tsaya a bakinta ina yaba ginin.

Sauran kin gani da idonki, amma bari in faɗi yadda yake daga wajena. Da munka iso ta ƙi shiga ƙofa, na sa anka fasa katanga ta gefen madafa ba tare da na tambayi innarki ba. Rani biyu tana girki a rana saboda bashe ta cinye mata inuwa. Babbar tukunyarta ta suna ma na ɗauka na wanke ƙusoshi da gazuwal, man kamyo, a ciki, har yau ba a iya girki da ita. Ba ta taɓa cewa a fitar da motar ba, don ta san don wa ake yi. Amma da na tambaye ta, da ta ba ni wurin da hannunta, kuma da daɗin abin ya zama namu mu biyu. Za ki zauna gidan goggonki a Tajaye. Komai kyan abin da kike so ki yi, in a wurin wani za ki yi shi, ki tambaya.

Da fenti na fara. Kin tuna? Na kankare jiki, na toshe ramuka, na fesa mata shuɗi, na sa anka rubuta addu'a a ƙofar baya. Tsofaffin abokan aikina suna leƙowa ta fasasshiyar katanga suna cewa Garba ya ta da matacciya, ni kuwa ina jin daɗi, alhali ko tari ba ta yi ba. Da kinka zo hutu kinka shimfiɗa tabarma kinka shiga ƙarƙashinta da tocila. Kinka jima, sannan kinka ce, "Baba, zo ka gani." Shasi, ƙashin bayan motar da komai ke zaune a kansa, ya tsage a wuri biyu, wajen da tsatsa ta ci. Dole munka ɗaga bodi, mai walda ya zo da wutarsa, sabon fentin nan ya ƙone ya yi ƙuraje. Aikin wata guda ya tafi a banza.

Ni da na yi shekaru ina tuƙi na san da ƙasa ake farawa. So nake a gani. A aikinki ma akwai abin da ake gani da wanda ba a gani. Rahoton da za ki kai buro, wato ofis, ana gani. Ko allurar da kinka yi ta kwana da sanyinta, ko kin tafasa sirinji, ko kin koma kin duba tunkiyar da kinka yi wa magani shekaranjiya, ba mai gani sai ke da Allah. Ki fara da waɗannan.

A hutun nan ne munka buɗe inji. Munka sauke kansa, wanda muke ce wa kulas, munka aje bisa buhu. Tsagar tana nan, siririya, ta ratsa tsakanin ramuka biyu. Kinka shafa ta da yatsa, kinka leƙa cikin injin, kinka ga ƙarfensa sumul ba ƙuna ba karce.

Kinka ce, "Baba, mugun mai yana tsaga kulas haka? Ni na zaci zafi da sanyi ke yin wannan."

Na ce ki miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku. Kinka miƙo, ba ki sake tambaya ba. Na ga yadda kinka dube ni, kuma ban ji daɗin abinci ba ranar.

Bayan kin koma lakwal da kwana huɗu sai ga Yaya. Karonsa na farko ke nan a gidan nan. Ya ce ya kawo albasa Ƙonni ne ya biyo ya ga aiki. Kulas ɗin yana nan inda munka bar shi. Ya tsuguna yana kallo. Innarki ta kawo ruwa ta koma ɗaki ta saki labule.

Na ce, "Yaya, ba mai ba ne. Ni na kashe ta. Ka ce in tsaya na ƙi, kuma na zuba mata ruwan sanyi tana tafasa. Abin da na hwaɗa wa mutane ƙarya na yi maka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Ai ina tsaye ka zuba ruwan. Ni na miƙa ma jarkar."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya ce, "Kai tuƙi ka iya, ba ka da wata sana'a. Wa za ya ba da kamyo ga wanda ya kashe inji da hannu nai? Kana da mata da ɗiya ƙarama. Ni kuwa albasa ba ta tambayar sunana kahin ta hito."

Mariyama, duk shekarun da na yi ina tuƙa siminti, abincin da kinka ci, littattafanki na lakwal, gidan nan, a kan shirunsa sunka tsaya. Ban sani ba sai ranar. Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai.

Can ya ce, "Sunan bai dame ni ba kamar yadda kake zato. Abin da ya yi mini ciwo, ɗiyanka sun girma ban san muryassu ba. In Mariyama ta gaishe ni wurin biki, sai an ce mini wagga ta Garba ce."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun tumatir ɗin bai bushe ba, amma akwai saura. Ya ce a gaban mutane na faɗa, a gabansu zan janye, kuma ɗiya kam ni zan gaya mata da kaina. Jumma'ar da ta biyo na tafi Badaguishiri, bayan an sauko masallaci na tsaya a majalisar masu lambu na faɗi komai. Biyu daga cikin masu tumatir ɗin sun riga mu gidan gaskiya, sun tafi da abin da na gaya musu. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ina ɗauke da shi. Cikin sauran wani tsoho ya ce to yanzu wa za a kira Man-gyaɗa, anka yi dariya, anka miƙo mini shayi. Abin da na yi shekara goma sha shida ina tsoro bai kai tsawon shan kofi ɗaya ba.

Abin da nake so ki riƙe a nan: akwai masu ɗauke miki kaya ba ki sani ba, ba kuma za su faɗa ba. Kada ki ɗauki mai shiru a matsayin wanda bai gane ba. Kuma ki riƙa biyawa ta gidan Baba Sani. Daga Tajaye ba nisa. Kada ki jira sai da dalili, ki je ki zauna ya ji muryarki.

Daga ranar ya zama duk mako sai ya zo. Bai san sunan ko ƙarfe ɗaya ba, amma shi ya ba da shawarar a yi wa akwatin maganinki riga da buhu da zana kamar yadda ake yi wa rumbun albasa, don iska ta riƙa ratsawa. Shi ya riƙe kulas ɗin da munka samo a Ƙonni ina ɗaure ƙusoshi. Ranar da inji ya tashi, yana tsaye da carbinsa, hayaƙi ya cika gida, awakin innarki sunka tsinke igiya. Na kira ki a waya na kanga ta a jikin mota don ki ji. Sai dariya kike ta yi.

Da na so a ce daga nan na yi hankali. Saura ɗaya.

Da ta tashi sai na shiga ƙare-ƙare. Na ƙara mata lam a baya, wato faifan ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, don ta ɗauki duron ruwa da akwatin sanyi da batir na biyu. Na ɗaga ta sama saboda rairayi, na sa manyan tayu. Na haɗa ƙarfen rumfa na ɗora farantin sola a bisa. Duk wannan yana da amfani, ba na nadamarsa. Amma da kinka zo kinka zagaya ta, kinka ce, "Baba, ka ƙara mata nauyi da tsawo, birkin kuwa na da ne. Zai riƙe ta?" Na ce miki na sauko da kamyo cike da siminti a gangaren da ya fi kowane gangare a ƙasar nan, ba ɗiyar da na koya wa riƙe sitiyari za ta koya mini birki ba. Ki lura, kusan maganar da na gaya wa Yaya ce, na sake ta bayan shekara goma sha takwas, ga wani mutum daban.

Na cika duro biyu da ruwa don gwaji, na ɗauki Yaya zan mayar da shi gida, da hantsi. Komai lafiya har munka kai gangaren da ke sauka kwarin Badaguishiri. Na taka birki ta rage. Na sake takawa, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka ɗanyen tuwo. A gabanmu akwai amalanken jaki, mace biyu a kai da tulunansu. Na danna oda, na mayar da giya ƙasa, inji ya yi kuka, ruwan duro ya turo mu gaba. Na ga ba za ta tsaya kafin amalanken ba, sai na karya sitiyari dama munka bar kwalta, munka ratsa wata gona da anka girbe, karan dawa yana dukan gilashi, har rairayi ya kama tayun ta tsaya. Matan ko waiwayowa ba su yi ba sai da sunka ji ƙarar kara.

Na kashe inji. Yaya ya gyara hularsa da ta faɗo masa a ido.

Ya ce, "To, wanga karo wa za mu ce ya saye man?"

Na ce, "Ba kowa. Mariyama ta hwaɗa mini, na ƙi ji."

Kin tuna na kira ki tun muna cikin gonar, kafin ma a zo a fitar da mu. Wannan kaɗai ne abin da nake alfahari da shi a labarin nan, cewa a ranar na faɗa. Munka sauya birkin duka, gaba da baya, da tiyo da komai, ke kinka riƙe takarda kina duba kowane ɗaya, kuma sau biyar munka sauka gangaren nan da duro cike kafin ki ce kin yarda.

Duk abin da za ki ƙara wa kanki, ilimi ne, muƙami ne, ƙarfin faɗa a ji ne, ki duba ko abin da zai tsayar da ke ya ƙaru tare da shi. Kuma ki saurari wanda kike ganin bai kai ya gaya miki ba. Sau biyu ana gaya mini gaskiya a kan motar nan, sau ɗaya manomi, sau ɗaya ɗiyata, duka na ƙi don ba direbobi ba ne. Bafulatanin da ya tashi cikin shanu zai ga abin da littafinki bai rubuta ba. In ya ce miki saniyar nan tafiyarta ta sauya, ki sauko daga mota ki duba, ko da ke ba ki ga komai ba.

Yanzu bashe taki ce. Yaya ya ce rabonsa ya ba ki, ni ma na ba ki nawa, takardunta kuma an mayar da su sunanki, suna cikin aljihun gaba tare da parminki, takardar izinin tuƙi, in jandarma sunka tambaya. Tsohuwa ce, za ta ba ki wahala wani lokaci. Giya ta biyu tana son a lallaɓa ta. In za ki shiga rairayi mai zurfi ki rage iskar taya, in kinka hau kwalta ki mayar. Kada ki ɗauki mutane a bisa rumfa komai roƙon da anka yi miki. Kada kuma ki ɗauke ta kamar wani abin gado da ba a taɓawa. In kinka ga abin da na yi ba daidai ba, ki kwance ki sake, ba sai kin tambaye ni ba. In wata rana ta mutu a hannunki, ko da laifinki ne, ki kulle ta ki hau motar kasuwa ki zo gida ki faɗa. Ƙarfe ne, mun ta da shi sau ɗaya, za mu iya sakewa.

Ba na jin tsoron tafiyarki kamar yadda na zata zan ji. Na ga yadda kike aiki. Kina shiga ƙarƙashin abu ki duba, kina tambaya, in an ƙi amsa miki kina haƙuri amma ba ki mantawa. Ban san inda kinka samo wannan ba, ina jin wajen innarki ne. Mutanen Tajaye da dabbobinsu sun yi sa'a, ko da zai ɗauke su 'yan watanni kafin su gane.

Ranar Litinin da safe ba zan buɗe murfin inji in duba miki mai da ruwa ba. Hannuna zai yi ta ƙaiƙayi, innarki ta ce za ta ba ni buta in riƙe. Ke za ki duba, ke za ki ce ta shirya. Ni zan buɗe miki ƙofar mota kawai in tsaya gefe.

Ki yafe mini abin da na gaya miki kina ƙarama, da ranar da kinka tambaye ni gaskiya na aike ki ɗauko sifana.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum. Allah ya sa albarka a hannunki, duk dabbar da kinka taɓa ta tashi. Ya ba ki haƙuri da mutane, ya ba mutane haƙuri da ke. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko kina tsakiyar daji. Ki gaida goggonki da mutanen gidanta. Innarki tana sa miki albarka, ni ma ina sa miki, duniya da lahira. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba